Iskar da Ta Ɗauki Injiniya Bahijja, da Rijiyar Garin Tamu

Saƙon ta'aziyya daga Ƙungiyar Inuwar Gawo ta ƴan asalin Magarya da Dungas

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, wanda ba a tambayarsa dalilin abin da ya zartar, Ƙungiyar Inuwar Gawo, a ƙarƙashin jagorancin shugabanta, Alhaji Mohamman Hamisu, tana sanar da masu martaba sarakunanmu na Magarya da Dungas da Waca, da hukumomin departama biyu, wato gundumomin Magarya da Dungas, da na komin, wato ƙaramar hukuma, ta Kwaya, da limamai da shugabannin makiyaya, da dukkan ƴan uwa na gida da na ƙetare, cewa ta samu labarin rasuwar ɗiyarta kuma shugabar kwamitinta na ruwan sha, Hajiya Injiniya Bahijja Zakariya Barau, ƴar asalin Garin Tamu a ƙasar Kwaya, wadda Allah ya karɓi ranta a bakin aikinta, a wata tashar jiragen ruwa ta gaɓar Tekun Atlantika, tana cikin gwajin na'urorin kashe gobara na wani jirgin dakon kaya.

Marigayiyar ta bar mijinta, Malam Ismail, da ɗiyarsu Khairat. Ta bar mahaifiyarta, Hajiya Barira, da kakanta na wajen uwa, Baba Bunu, dattijon masu haƙa rijiya na Garin Tamu. Ta kuma bar mahaifinta, Malam Zakariya Barau, tsohon malamin kimiyya a lise, wato babbar sakandare, ta Damagaram, wanda shi ne kakakin wannan ƙungiya. Shugaban ƙungiya ya nemi ya sauke masa nauyin rubuta wannan saƙo, shi kuwa Malam Zakariya ya gode masa, ya roƙi a bar shi da aikinsa, domin akwai magana a ciki wadda ke bukatar bayanin malamin kimiyya. Mun jinkirta fitar da saƙon ne har sai da muka ji yadda abin ya faru daga bakin waɗanda suke wurin, saboda ba ya kyautuwa ga ƙungiya irin tamu ta ƙara jita-jita a kan jita-jita.

Hajiya Bahijja ta fara lakwal, wato makarantar boko, a Kwaya, ta yi kolej a Dungas, ta ci bak, jarrabawar kammala sakandare, a Damagaram da sakamakon da ya ba ta burs, wato tallafin karatu, zuwa makarantar koyon injinan jiragen ruwa a gaɓar teku. Ta bar gida ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina faɗi ba, ta fito daga ƙasar da ba ta da teku ko taki guda, amma cikin ikon Allah ta zama ɗaya daga cikin ƴan ƙalilan ɗin da idan ba su sa hannu ba, jirgin da ya fi unguwa girma ba ya barin gaɓa. Kakanta Baba Bunu, wanda tun tana goye yake kiranta amaryarsa bisa wasan kaka da jika, yakan tare ta duk zuwanta hutu da cewa: "Amarya, ke da ko a tabkin Kwaya ba ki iya iyo ba, uban me ya kai ki teku?" Ita kuma takan durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce: "Angona, ba iyo na je ba, fitilarka na kai musu." Ma'anar wannan amsa za ta fito a ƙasa, kuma ita ce jigon wannan saƙo.

Ya wajaba mu bayyana wa jama'armu irin aikin da take yi, domin da yawa sun san dai tana aikin jirgin ruwa, ba su san mene ne ba. A can ƙasan cikin jirgin teku, ƙarƙashin fuskar ruwa, akwai ɗakin inji. Waɗanda Allah ya nufa suka ziyarce ta daga cikinmu, ta shiga da su, sun fito suna ba mu labarinsa cikin mamaki. Injin guda ya kai tsawon babban gawo, ana sauka gare shi ta tsani bayan tsani kamar mai shiga rijiya, ƙararsa a ƙirji ake jin ta kafin kunne, kuma ta ko'ina gazwal, wato man dizal, da baƙin mai suna gudu a cikin tiyo kusa da ƙarfen da ya yi zafin da zai gasa nama. Ɗigo ɗaya ya isa. Idan wuta ta kama a tsakiyar teku, babu maƙwabcin da zai sheƙo da bokiti, babu motar kashe gobara, babu inda za a gudu. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, ruwa ya kewaye su gabas da yamma, kudu da arewa, har iyakar ganin ido, amma ba shi ne maganin ba, domin wutar mai tana hawa kan ruwa ta bazu, kuma jirgin da aka cika wa ciki da ruwa nutsewa zai yi. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanya bawa a tsakiyar ni'ima, ya kuma nuna masa cewa ba ta amfaninsa sai da izininsa.

Saboda haka masana suka nemi wata hanya. Wuta tana numfashi kamar yadda mutum yake numfashi, kuma idan aka hana ta abin da take shaƙa, mutuwa take yi. A cikin jirgi akwai wani ɗaki na dabam da aka jera tukwanen ƙarfe jajaye, irin butel ɗin gaz na girki amma sun fi mutum tsawo, sahu bayan sahu kamar masallata ranar Juma'a. Abin da ke cikinsu shi ake kira gaz karbonik, wato irin iskar da ni da kai muke fitarwa daga huhu, sai dai an tara ta an matse. Idan gobara ta fi ƙarfin mutane, sai jiniya ta yi kuka, kowa ya fice, a ƙirga mutane a bakin ƙofa, a tsayar da fankoki, a rufe kowace kafa, sannan a saki wannan iska ta cika ɗakin inji. Kafin ƙiftawa da bismillah, wutar da ta gagari ruwan teku ta kwanta ba tare da an zuba mata ɗigo ɗaya ba. Amma abin da ya shaƙe wuta zai shaƙe mutum, kuma ba ta da launi, ba ta da warin da zai gargaɗi wanda ta tarar.

Aikin Hajiya Bahijja shi ne tabbatar da cewa wannan tanadi, wanda zai iya yin shekara goma ba a taɓa shi ba, zai amsa ranar da aka kira shi, kuma ba zai amsa ranar da ba a kira shi ba. Takan auna nauyin kowace tukunya don ta san ko ta yi yoyo. Takan raba tukwanen da bututunsu, ta hura iskar banza a ciki, bayan ta ɗaura ƙyalle a bakin kowace kafar feshi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duban wanda ya kaɗa da wanda tsatsa ta toshe. Takan sa a rufe kafofin shan iska a gabanta, ta gwada na'urar kumfa da ta yayyafin ruwa inda ake da su. A ƙarshe takan sauka da kanta zuwa lungun da ya fi kowane nisa da ƙara, ta tsaya a can, ta ce a busa jiniya, domin ta ji da kunnenta abin da lebura na ƙarshe zai ji. Sai ta gamsu take sa hannu a sartifika. Abokan aikinta sun shaida cewa kaftin-kaftin da yawa sun yi mata fushi saboda jinkiri, amsarta kuma ɗaya ce, cikin murmushi: abin kashe gobarar da ba a gwada ba, ado ne kawai. Aiki ne wanda idan ya yi kyau ba mai jin labarinsa, shi ya sa mu ma da muka haife ta ba mu san girmansa ba sai yanzu.

Ga abin da ya faru, kamar yadda Malam Nassirou, ɗan Waca mai aiki a wannan tasha, da sauran waɗanda suke cikin jirgin suka shaida mana. Jirgin tsoho ne. A ranar farko ta gwaji, marigayiyar ta tarar gishirin teku ya cinye jiniyar ɗakin inji, ta zama bebiya, sai ta tsayar da komai ta ce ba za a ci gaba ba sai an gyara, aka gyara a gabanta. Ta sauka lungun can ƙasa ta saurara, ta lura cewa akwai wani wuri ƙarƙashin daɓen ƙarfe inda kukan jiniya ke isa da rauni, ta ba da umarni a ƙara fitila mai walƙiya a wurin, ba a kai ga sawa ba. Washegari da hantsi, ana mayar da tukwanen kan bututunsu, wani makulli da tsatsa ta ci ya saki, ya ja sauran, iskar ta kama hanya zuwa ɗakin inji alhali mutane suna ciki suna aiki. Binciken musabbabin haka yana hannun hukumomin can, ƙungiya ba za ta riga su yanke hukunci ba. Abin da muka sani shi ne, an gina na'urar da ɗan jinkirin da bai kai minti guda ba, kuma a cikin wannan ɗan jinkiri jiniyar da jiya take bebiya ta yi kuka, mutane suka hau tsani a guje.

Ita tana bakin ƙofa, wurin da ba abin da zai same ta, tana dafa kafaɗar duk wanda ya fito tana ƙirgawa kamar yadda ta saba. Lissafi ya gaza da mutum ɗaya. Wani magidanci ne mai shafa wa inji mai, ba ɗan ƙasarmu ba, ba ma yare ɗaya da shi, yana kwance ƙarƙashin daɓe da toshe a kunnuwansa. Babu wanda ya san inda yake sai ita, domin jiya-jiya ta tsaya a wurin. Ta sauka, ta jawo shi, ta ɗora shi a tsani a gabanta. Wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take fara kwanciya kamar ruwa a kwari, sannan ta yi ta hawa. Mutumin ya kai ƙofa. Masu ceto sun shiga da tukwanen numfashi a bayansu suka fito da ita, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya yi ikonsa kafin azahar. Babu wani rai da ya salwanta a jirgin sai nata. Mutumin da ta fitar ya bi Malam Nassirou har maƙabarta, ya riƙe shi ya ce a gaya wa iyayenta, ya ji hannunta yana tura dugaduginsa matakala bayan matakala, sai kuma ya daina ji, kuma har yanzu wurin bai bar ɗumi ba.

Matan ƴan Nijar mazauna garin ne suka yi mata wanka suka sa ta a likkafani, limamin unguwarsu ya sallace ta tare da jama'a masu yawa, mijinta Malam Ismail ya shiga kabari ya kwantar da ita da hannunsa, ta fuskanci alƙibla. Mahaifinta bai samu halarta ba saboda nisa, shi ya ba da izini ta tarho cewa kada a jinkirta ta saboda shi. Mun faɗi wannan dalla-dalla domin dalilin da ke tafe.

A ranar da abin ya faru, Malam Nassirou ya bugo gida yana kuka, ya faɗi gaskiya da kalmar da harshenmu ya ba shi, ya ce iska ce ta kama ta a cikin jirgi. Bai yi kuskure ba. Sai dai Hausa kalma ɗaya ta tanada wa abin da ke kaɗa zangarniyar hatsi, da abin da ke shiga huhu, da abin da aka matse a tukunyar ƙarfe, da kuma abin da wasu ke tsoro a gindin tsamiya. Kafin maganar ta ratsa kasuwar Dungas, ta hau kabu-kabu da amalanken jaki ta iso Garin Tamu, ta sake kama. Aka ce iskokin teku ne suka ɗauke ta. Aka ce dama da su take hulɗa, in ba haka ba yaya ƴar Kwaya za ta ba jirgi umarni. Aka ce teku bai mayar da gawarta ba, shi ya sa ba a kawo ta gida ba. Har a kan tabarmar makoki wata baiwar Allah ta ce wa Hajiya Barira: "Sai haƙuri, Hajiya, amma dama wanda ya ci na ruwa, ruwa ne zai ci shi." Hajiya Barira ta dube ta, ta ce: "Indo, wata tara na ɗauke ta a cikin nan. Da ta iska ce, da ban ji nauyi ba." Iyalan sun yafe wannan magana da ire-irenta, domin rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba don kare mutuncin mamaciya kawai muka ɗauko zancen ba, mutuncinta yana wurin Allah.

Mun ɗauko shi ne saboda rijiya. Jama'a sun san cewa babbar rijiyar siminti ta Garin Tamu, mai kwamin shayar da dabbobi, marigayiyar ce ta tsaya a kanta da guminta na halal tare da gudummawar ƴan wannan ƙungiya, Baba Bunu da mutanensa suka haƙa. Kafin ita, matan garin da makiyayan rugagen kewaye ramuka suke tonawa a cikin ƙorama suna kwalfar ruwan laka. Labari ya tabbata gare mu cewa tun da wannan jita-jita ta sauka, an ƙaurace wa rijiyar, ana cewa ta iskoki ce, wanda ya sha zai bi mai ita. A tsakiyar wannan bazara mata sun koma ƙorama da bidonsu na ɗibar ruwa, shanu suna wuce kwami cike da ruwa ana korarsu da sanda, kuma majo, wato shugaban asibitin yankin, ya shaida mana cewa yara masu gudawa sun fara yawa a hannunsa. Yau gida ɗaya ne ke jefa guga a rijiyar, gidan Hajiya Barira, inda aka kawo Khairat. Malamanmu sun karantar da mu cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abin da ya bari yana gudana, kuma shayar da ruwa yana cikin mafifitan sadaka. Matar da ta ba da numfashinta don baƙon da ba ta san sunan garinsu ba, ba ta cancanci a yanke mata ladanta da kalma ɗaya da aka ji a karkace ba, kuma ƴaƴan Garin Tamu ba su cancanci su biya kuɗin wannan kuskure da cikinsu ba.

Abin mamakin shi ne, wannan iska ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya taɓa ganin haƙar rijiya a ƙasarmu ya san cewa da safe, kafin kowa ya sa ƙafa a igiya, babban mahaƙi yakan kunna fitila ya zura ta har ƙasa. Idan ta ci gaba da ci, sai a ce bismillah a sauka. Idan ta mutu, ba mai shiga, sai a yi ta fifita ramin da ganye da zana har fitilar ta yarda ta rayu. Abin da ke kashe wannan fitila a gindin rijiya shi ne ainihin abin da ke cikin jajayen tukwanen jirgi, babu bambanci ko na ƙwayar gero. Tana ƙaramar yarinya Bahijja take tsugunawa a bakin rami tana kallon kakanta yana zura fitila, ta dawo gida ta ishi mahaifinta da tambaya, me ya sa wuta ke mutuwa ba wanda ya hure ta. Daga wannan tambaya ta tashi har ta kai teku. Abin da take nufi ke nan da ta ce fitilar kakanta ta kai musu: a gwada tukuna, kada a tura ɗan kowa inda ba a gwada ba. Mun miƙa wuya ga hikimar Allah, wanda ya haɗa ramin Garin Tamu da cikin jirgin teku da halitta guda, ya sa ta zama ceto a wuri, ajali a wuri, ya kuma rubuta tun fil'azal cewa yarinyar da ta fi kowa saninta, ita za ta shiga cikinta ido buɗe saboda wani.

Saboda haka ƙungiya, da yardar mai garin Garin Tamu da limaminsa, tana gayyatar jama'a baki ɗaya, manoma da makiyaya, maza da mata, zuwa addu'ar arba'in da za a yi ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, ba a ƙofar gida ba, a bakin rijiya. Baba Bunu, duk da tsufa, ya ce ba wanda zai riƙe masa igiya: zai kunna fitila ya zura ta har fuskar ruwa a gaban kowa, ya ce amaryarsa ba ta taɓa sa hannu a abin da ba a gwada ba, shi ma ba zai roƙi kowa ya sha a kan maganar baki ba. Idan an ga fitila tana ci, za a jawo guga na farko. Mahaifinta zai sha, mahaifiyarta za ta sha, sannan a ba Khairat, wadda ita kaɗai ta rage musu daga gare ta. Bayan haka kowa ya yi wa kansa hukunci.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Malam Ismail, da Hajiya Barira, da Baba Bunu, da dukkan dangi na Kwaya da Waca da Dungas da Magarya, tana kuma godiya ga Malam Nassirou da ƴan Nijar mazauna gaɓar teku da suka tsaya mata tsayuwar ƴan uwan ciki ɗaya. Muna roƙon Allah Mai rahama ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta, ya sanyaya shi da iskar Aljanna, ya sanya ran da ta ceta ya zama hujja gare ta ranar da ba wata hujja sai rahamarsa, ya rubuta ta cikin shahidai idan ya so, domin hukuncin nasa ne. Allah ya raya Khairat, ya albarkace ta, ya ba ta zuciyar uwarta da tsawon ran kakanninta. Allah ya ba mahaifiyarta haƙurin da ba a samu a wurin kowa sai a wurinsa. Allah ya kiyaye duk wanda ke cikin ɗakin inji a kan teku a wannan sa'a, da duk wanda ke gindin rijiya. Mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Iyalan sun roƙi mu isar da cewa sun gode, ba sa bukatar a kawo hatsi ko goro ko wani abin zaman makoki. Mahaifinta ba ya roƙon kowa ya taya shi kuka. Wanda yake son yi masa ta'aziyya, ya zo da gugansa.

Malam Zakariya Barau
Kakakin Ƙungiyar Inuwar Gawo ta ƴan asalin Magarya da Dungas
Dungas, jihar Damagaram